Kilisa Zuwa Gidan Inna

Har yau in na ji wani yana yabon hawan doki, yana cewa babu abin da ya kai shi daɗi, sai in ji raina ya soma ɓaci. Sau ɗaya na taɓa hawa a rayuwata, a Damagaram, cikin shekarun farin nan da ruwa ya ɗauke shanu suka ƙare. Kuma ba da son raina na hau ba.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kazaure, ko aure ban yi ba. Mahaifiyata 'yar ƙasar Damagaram ce, aure ne ya kawo ta Najeriya. A cikin 'yan ɗakinsu yayarta kaɗai ta rage mata, wadda muke kira Inna, tana zaune a wani ƙauye gabas da birni, kan hanyar Gidimuni. Mijin Inna ya rasu, 'ya'yanta maza sun tafi ci-rani ba su dawo ba, daga ita sai gonarta. Labarin da matafiya ke kawowa daga can ba mai daɗi ba ne, saboda haka da aka ba mu hutu mahaifiyata ta ce in je in gano mata 'yar'uwarta da idona. Ta ɗaure mini ƙunshin garin kwaki da sukari da sabulu da turmin atamfa, sannan ta riƙe hannuna ta ja mini kunne.

"Ka je ka gaishe ta, ka ajiye mata wannan, ka juyo. Kada ka kwana, kada ka bari ta ɗora tukunya saboda kai. Na san halinta. Ko ƙwayar gero ɗaya ta rage mata a duniya, baƙo za ta ba. Ka shiga shiru, ka fito shiru."

Aiken ke nan gaba ɗaya, in ga Inna ba tare da na ci mata komai ba. Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Har dabara na yi, na ƙudura cewa ranar da zan je ƙauyen zan tashi da azumin nafila, don ko ta matsa in samu abin faɗa mata ba tare da na yi ƙarya ba.

A birnin na sauka a unguwar Zango, gidan wani tsohon aminin mahaifina mai sayar da fatu. Baba nake ce masa. Mutumin kirki ne, amma irin masu kirkin nan da ba sa sauraren kowa in sun tashi yin alheri. Bayan mun gaisa ya tambaye ni da me zan je ƙauyen, na ce da ƙafa, tunda an ce ba nisa, ko kuwa in tari wata babbar mota ta rage mini hanya. Sai ya ajiye goron da yake ɓarewa ya dube ni.

"Da ƙafa? Malamin lakwal guda, daga Ingilishi, ya sauka gidana, a gan shi yana taka rairayi da ƙunshi a ka? Me za a ce da ni a Zango? Kuma ka zo Damagaram ka koma ba ka ga ƙasa ba?"

Tsofaffin can haka suke kiran Najeriya, Ingilishi, makarantar boko kuwa lakwal. Baba ya ce akwai wani mutum a unguwar Kara-Kara mai dawaki, aikinsa ke nan tun zamanin nasara, ya ɗauki baƙi ya kai su kilisa ya nuna musu gari da daji. Zai aika masa ya zo da safe. Na gaya masa gargaɗin mahaifiyata kalma da kalma. Ya yi dariya ya ce ai shiru ta ce in shiga, doki kuwa ba ya surutu. Na ce ban taɓa hawa ba. Ya ce gobe zan taɓa. Ban san yadda ake yi wa aminin uba gardama a cikin zaurensa ba, na haƙura ina cin raina.

Da gari ya waye mai dawakin ya iso. Dogon tsoho ne siriri, da wata tsohuwar rigar kaki mai maɓallan ƙarfe da malafa a ka. Dawakin biyu ne, nasa baƙi, nawa ja, kuma kowannensu haƙarƙarinsa a waje yake. Na dubi jan nan, shi ma ya dube ni, na tabbata babu wanda ya ga abin sha'awa a cikinmu. Na sa ƙafa a likkafa na yunƙura, sirdin ya zame ya biyo ni, na dawo ƙasa. Na sake, wandona ya yi wata ƙara da ban so ba. A na uku Baba da tsohon suka tallabe ni suka ɗora kamar buhu, maƙwabta na kallo suna yi mini sannu. Aka ɗaure ƙunshin a bayana.

"Dusuma, Mushe, dusuma," in ji tsohon. Wai a hankali, malam. Wannan kalma na ji ta ranar har ta fita mini a rai.

Ƙauyen Inna gabas yake. Tsohon ya juya kan dokinsa ya nufi cikin Birni. Na ce masa ba nan ba ce hanya. Ya ce ya sani, amma kilisa tana da tsarinta, ba a fara ta daga tsakiya. Ya kai ni gindin abin da ya rage na tsohuwar ganuwa ya tsaya ya yi bayani. Ya kai ni wajen manyan duwatsun nan da ke jibge kan juna ya yi bayani. Ya nuna mini inda hular wani kumandan, baturen mulki, ta taɓa faɗuwa shi ya sauka ya ɗauko masa, ya nuna mini dutsen da wata baturiya ta hau ta ga faɗuwar rana ta fashe da kuka. Kowane labari sai ya rufe shi da "Wala!", wato ka ji fa, yana jiran in yi mamaki. Ni kuwa rana nake kallo tana hawa, maƙogwarona ya fara bushewa, cinyoyina sun fara zafi, ga azumin da na ɗora wa kaina.

Dokina ma da nasa tsarin. Duk abin da ya yi kama da ciyawa sai ya tsaya. Ya ja kara daga dangar wani gida. Ya cafki gefen tabarmar kaba da wata mata ta ɗauko za ta kai kasuwa, ta juyo ta wanke ni tas, ni da ke sama ina riƙe da linzami kamar na san amfaninsa. Da ya shinshino garin kwakin da ke bayana sai ya dinga lanƙwaso wuya yana neman ƙunshin, muna zagaya wuri ɗaya ni da shi. Tsohon yana gaba, ko waiwaye ba ya yi, sai dai in ji "Dusuma, Mushe."

Sai da hantsi ya dubi ludayi muka fita gari. Daga nan abin ya daina ba ni haushi kawai, ya koma ba ni kunya. Gonaki fayau, babu ko karan bara, an tsince an ba dabbobi. Itatuwan gawo an sassare rassansu. Nan da can ƙasusuwan shanu sun yi fari a rana. A bakin hanya akwai mutanen da suka gangaro daga arewa bayan dabbobinsu sun mutu, sun kafa 'yan bukkoki da tsummoki, suna zaune suna kallonmu muna wucewa a kan dawaki. Wata tsohuwa ta taso ta tambaye ni ko mu ne masu rabon hatsi. Na ce a'a. Ta ce to mu su wane ne. Kafin in buɗe baki tsohon ya amsa mata da fara'a cewa baƙo ne ya fito shan iska. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Shi kuwa bai fasa aikinsa ba. Ya tsaya bakin wani fili mai tsagaggen laka ya ce nan tafki ne, nan nasara ke harbin agwagwa, in duba yadda wurin yake da kyau. Na duba. Babu ruwa, babu agwagwa, babu ko ƙadangare. Na ce masa don Allah mu tafi.

Da muka hango rufin ɗakunan ƙauyen na ja linzami iya ƙarfina na ce ya tsaya. Na ce ga abin da za a yi, shi ya zauna da dawakin a gindin wata aduwa da ke nan, ni in ƙarasa da ƙafa in gaida Inna in dawo. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Haba Mushe. Baƙon da ya zo bisa doki ya shiga gari da ƙafa kamar ɓarawo? Ni ban taɓa yi ba, ba kuwa zan fara a kanka ba."

Ya yi wa nasa ƙaimi. Dawakin nan da tun safe suke jan ƙafa kamar za su faɗi, sai ga su sun miƙe wuya sun zabura. Ban san lokacin da na saki linzami na rungume wuyan nawa ba, hulata ta karkace, ƙunshi yana dukan bayana. Haka na shiga ƙauyen da aka ce in shiga shiru.

Gari duk ya fito. Rabon su da ganin doki an daɗe, sun ɗauka manya ne suka zo da labarin taimako. Mai gari da kansa ya taso yana gyara rawani. Tsohon ya miƙe kan likkafa ya sanar da murya mai ƙarfi cewa ɗan ƙanwar matar gidan can ne, malamin lakwal daga Ingilishi, ya zo gaisuwa. Na ga yadda fuskokin mutane suka sauka. Duk da haka suka yi mana maraba, suka rako mu har ƙofar gidan Inna, suka tsaya nan ba su watse ba.

Inna ta fito. Na san ta da jiki, mace mai ƙiba da dariya, sai ga wata 'yar tsohuwa da zane ya zagaye ta kusan sau biyu. Muryar ce kawai ba ta canja ba.

"Lale, lale da ɗan ƙanwata! Kai ne bisa doki haka? Sauko in gan ka."

Aka sauko da ni, ƙafafuna suka ƙi miƙewa. Ta ja ni cikin gida. A tsakar gida rumbu yana buɗe, babu komai a ciki. Gefen murhu tukwane ne jere an jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai sun kwana da kwanaki a ruwa kafin su ciwu. Abincinta ke nan. Na durƙusa na gaishe ta, na isar da gaisuwar mahaifiyata, na miƙa ƙunshin. Ta shafa atamfar ta sa albarka. Sannan ta yunƙura za ta nufi murhu, ni kuwa na yi maza na ce azumi nake yi. Ta tsaya ta dube ni, ta gane sarai daga inda dabarar ta fito. Na ji daɗi a raina, na ce yau dai na yi abin kai.

"To, Allah ya karɓa," in ji ta. "Kai kana azumi. Dawakin fa, su ma azumin suke?"

A ƙasar nan, kamar yadda na gane a ranar, dokin baƙo yana da haƙƙi a kan mai masauki kamar baƙon kansa. Ba ya barin ƙofar gida sai an zuba masa hatsi ya ci, kuma a waje ake zubawa, a gaban jama'a. Da abin da aka zuba ake auna gidan. Baba ya san wannan. Tsohon ya san wannan. Mahaifiyata ma ta sani, sai dai bai taɓa zuwa mata a rai cewa ɗanta da ko jaki bai iya hawa ba zai je da doki.

Inna ta shiga ɗaki, na bi ta. Ta jawo turmi ta kife ta hau, ta miƙa hannu cikin rufin ɗakin ta sauko da wani ɗan dami da aka naɗe da tsohuwar tabarma. Ta kwance. Zangarnun gero ne dogaye, cikakku, irin waɗanda ake bi gona a zaɓa ɗaya bayan ɗaya a ɓoye saboda shuka. Ko ni ɗan gari na san abin da nake kallo.

"Inna, wannan ai iri ne."

"Na fi ka sani. Ni na zaɓe shi."

"To in ruwa ya sauka me za ki shuka?"

"Allah yana nan. Rage murya, mutane na waje."

Na rage murya, amma ban rage magana ba. Na ce a zuba musu garin kwakin da na kawo. Ta ce wato tsarabar ƙanwarta za ta juye wa dabba, a ce abin da baƙo ya kawo shi ta mayar masa? Na ce to a ba su dusa. Ta ce dusar da ita ma ta cinye? Na ce zan fita in gaya wa mutane dawakin sun ƙoshi. Ta ce in fita in gaya musu, su kuma ba su da ido. Na roƙe ta da girman Allah, na roƙe ta da darajar mahaifiyata, har na riƙe bakin tabarmar. Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe.

"Ɗan nan, rabon da doki ya tsaya a ƙofar gidan nan tun mai gidan yana da rai. Yau biyu sun tsaya, gari duk ya gani. In suka tafi da yunwa, gobe da wane ido zan je rijiya? Sakar mini."

Na saki. Na fita da sauri wajen tsohon, ina fatan shi zai ce a'a, ya ce dawakinsa ba sa cin gero da rana, ya ƙirƙiro ko wace irin ƙarya. Na tarar ya riga ya cire musu linzami, ya sassauta sirdi, har ya shimfiɗa wani buhu a ƙasa inda za a zuba. Tun kafin Inna ta fito ya gama shiri. Na raɗa masa cewa irinta ne za ta kawo, ya hana. Ya ɗaga kai yana duban sama kamar mai neman hadari.

"Mushe, ni baƙo ne kamarka. Al'ada ce, ba ni da ta cewa."

Nan na gane dalilin da ya sa dawakin suka zabura da ganin gari. Sun saba.

Inna ta fito da damin a rungume, tana tafiya a hankali don kowa ya gani. Ta zube fiye da rabi a kan buhun. Dawakin suka sa kai. Ban taɓa jin ƙarar da ta dame ni kamar ƙarar haƙoransu a kan geron nan ba. Jama'a suka tsaya suna kallo, mutanen da wata da watanni anza suke ci. Wata mata ta ce, "Gidan nan dai har yanzu gida ne," wasu suka amsa da madalla. Ƙwayoyi suna zubowa daga bakin dawakin suna faɗawa cikin rairayi, kuma babu ko kaza a garin da za ta tsince. Ban san sanda na tsuguna na cire hulata na fara tsincewa ina zubawa ciki ba. Inna ta matso ta taka mini gefen riga.

"Tashi," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kada ka kunyata ni."

Na tashi. Haushin kowa nake ji a lokacin, haushin Baba da alherinsa, haushin tsohon da malafarsa, haushin mutanen da ke cewa madalla, har da ita Innar, wadda nake ji kamar in rungume ta in yi kuka kuma kamar in girgiza ta. Ɗan abin da na tara a hula na faki idonta na juye cikin wata ƙwarya a bakin ɗaki. Bai cika tafin hannu ba.

Da za mu tafi ta rako ni har bakin danga, fuskarta a sake kamar wadda aka yi wa bushara. Ta ce in gaida ƙanwarta, in ce atamfa ta yi kyau.

"Kuma ka gaya mata ka same ni da abin ba doki. Haka za ka faɗa mata, kada ka ƙara kada ka rage."

Ban sake hawa ba. Da ƙafa na koma birni, da azumina da raunin cinyoyina, tsohon yana bisa nasa yana jan nawa. A hanya na gaya masa duk abin da ke raina, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce a da dawakinsa suna da yawa, waɗannan biyun suka rage masa, a birni babu harawa babu dusa, in bai kai baƙi ƙauye ba su ma mutuwa za su yi, shi kuma da su yake ci da iyalinsa. Na ji shi, kuma na san ba ƙarya yake yi ba, amma ban huce ba. Muna tafe kaɗan sai ya nuna mini wani tudu ya fara ba ni labarin wani kumandan da ya taɓa shan shayi a kansa.

Baba yana zaure muka iso. Ya tambaye ni ko na ga ƙasa. Na ce na gani.

Da na koma Kazaure na tarar da mahaifiyata tana tankaɗe a tsakar gida. Ko ruwa ban sha ba ta fara tambaya. Na ce Inna tana nan da ranta, ta rame amma tana kan ƙafarta. Ta ce na ci mata wani abu? Na ce ko ruwanta ban sha ba. Ta yi ajiyar zuciya ta ce Allah ya yi mini albarka. Sai na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba.

Ta ajiye rariyar.

"Doki? Da doki ka je?"

"Biyu."

Ba ta tambaye ni abin da aka zuba musu ba. Ta san rumbun 'yar'uwarta, ta kuma san abin da ake ajiyewa a rufin ɗaki. Ta daɗe tana kallon garin da ke cikin ƙwarya. Na zaci faɗa za ta yi, na ma shirya wa faɗan, don ina da nawa da zan amayar. Sai ta ce, "To, alhamdu lillahi, ba ta ji kunya ba." Na tashi na bar mata wurin kafin in faɗi abin da zan yi nadama.

Washegari da safe na ga ta sauke kwanukan jerenta, waɗanda ko taɓa su ba ta bari a yi, ta wanke ta ɗaure ta ba dillaliya. Ta sa aka bi mata kasuwa rumfa rumfa ana neman geron Damagaram mai kyau na shuka, tana kuma cigiyar wanda zai tafi can kafin ruwa ya sauka. Wannan karon ba ni aka aika ba.